Wata tara ina koyar da Hausa a Amurka

"Su Amurkawa mi za su yi da Hausa?"

Tambayar da Baba ya yi mini ke nan ranar da na shaida masa ina neman tafiya Amurka koyarwa. Muna zaure bayan la'asar, rediyonsa na gefen tabarma. Na ce masa shiri ne na gwamnatinsu, suna ɗaukar malaman Turanci daga ƙasashe daban-daban su je jami'o'insu su koyar da harshensu na gida har shekarar karatu guda. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Ruwa dai ba ya tsami banza. Allah shi sa alheri na." Ya ƙara wa rediyo murya. Na tashi ban ba shi amsa ba, don ni ma ban da ita.

A 2015 ne, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Sakkwato. Wani abokin aikina ya turo mini sanarwar ta WhatsApp, ya rubuta a ƙasa, "Kai mai gyara wa mutane Hausa, ga taka ta samu." Shirin Fulbright ne, sunan wani sanata daga jihar Arkansas, J. William Fulbright, wanda ya kawo dokar aka sa mata hannu a 1946. Dabararsa ita ce a sayar da ragowar kayan yaƙin da Amurka ta bari a ƙasashen waje bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a zuba kuɗin wajen musayar ɗalibai da malamai. Reshen da na nema, wanda ake kira FLTA, na masu koyar da harsuna ne, an fara shi a 1968. Daga Najeriya akan ɗauki masu Hausa da masu Yarbanci.

Fom ɗin a intanet ake cikawa, kuma ba fom ɗin ne wahalar ba, rubutun da ke cikinsa ne. Ana so ka faɗi ko kai wane ne da abin da zai kai ka. Na zauna na tsara wasiƙa irin wadda muke kaiwa ma'aikata, cike da ladabi da kirari, ina mai farin ciki, ina mai ƙanƙan da kai. Na kai wa wani malami da ya taɓa zuwa irin wannan tafiyar ya duba. Bai gama shafin farko ba ya miƙo mini, ya ce, "Malam, ba Sarki kake wa takarda ba. Gaya musu abin da ka yi a aji ranar Talata." Na koma na rubuta yadda nake koyar da yara sama da 70 a aji guda da littafi tara, da yadda nake sa su fassara karin magana zuwa Turanci don su ga inda harsunan biyu suka rabu. Shi ya karɓu.

Sai shaidar mutum uku da suka san aikinka. Kowannensu ana tura masa saƙo ta imel ya shiga ya rubuta da kansa. Biyu sun yi a kan lokaci. Na ukun, tsohon malamina na jami'a, ya manta kalmar sirrin imel ɗinsa tun bara. Wuni guda na yi a ofishinsa, wayata ce ke ba mu intanet, yana tuno sunayen 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya muna gwadawa. Takardar makina ta jami'a kuwa sai da na yi mata zuwa huɗu. Yau mai sa hannu ya tafi jana'iza, gobe ba a ga fayil ba. Na tura komai saura kwana biyu a rufe.

Bayan wasu watanni aka kira ni ganawa a ofishin jakadancin Amurka da ke Abuja. Na bi ta Gusau da Funtuwa da Kaduna, wuni cur a mota, na kwana wurin wani ɗan ƙanen Inna. A ƙofa ake karɓe waya da duk wani abu mai batir. Mutum uku ne a ɗakin, Amurkawa biyu da ɗan Najeriya guda. Bayan 'yan tambayoyi sai matar da ke tsakiya ta ce in ɗauka su ɗalibai ne da ba su taɓa jin Hausa ba, in koyar da su na minti biyar, kada in sa Turanci. Na miƙe na nuna kaina, na faɗi sunana, na nuna ta, na ɗaga gira. Daga nan muka shiga ina kwana, lafiya lau, ina gajiya, ba gajiya. Ɗan Najeriyar ya riƙa karkatar da baki kamar yau ya fara, sai da zan fita ya ce mini, "Allah ya ba da sa'a, Malam," da Hausa tas. Tambaya ta ƙarshe ita ta fi tsaya mini a rai: shirin ba ya ba da damar tafiya da iyali, zan iya? 'Yata tana da wata huɗu a lokacin. Na ce zan iya. Ban gaya wa uwarta yadda na amsa da sauri ba.

Jarrabawar TOEFL, ta gwajin ƙwarewa a Turanci, a lokacin kashi huɗu ce, karatu da saurare da magana da rubutu, maki 120 gaba ɗaya, wajen awa huɗu a gaban kwamfuta. Ni da nake koyar da Turanci na shiga da taƙama. Wurin magana na raina kaina. A lokacin ana ba ka daƙiƙa 15 ka yi tunani, ka yi magana ta daƙiƙa 45 a cikin makirfo, alhali na dama da na hagu duk suna tasu maganar da ƙarfi, kamar tashar mota. Na tsallake dai, ba da rata mai yawa ba.

Abin da ban gane da wuri ba shi ne ofishin jakadanci ba ya ɗaukar kowa, sunanka kawai yake miƙawa. Takardunka su tafi wata cibiya a Amurka da ake kira IIE, ita ke haɗa ka da jami'ar da ke neman malamin Hausa, sannan hukumar Fulbright mai mutum 12, waɗanda shugaban ƙasarsu ke naɗawa, ta amince. Idan babu jami'ar da ta ɗauke ka, shi ke nan. Wata da watanni ba labari, a unguwa kuwa tuni an fara ce mini ɗan Amurka. Kullum in na wuce majalisa sai an ce, "A'a, ba ka tahi ba?" Sai da bazarar 2016 ta yi nisa saƙon ya shigo, ina tsakiyar duba jarrabawar yara.

Fom ɗin likita ya nemi katin riga-kafin ƙuruciya. Na tambayi Inna, ta kama damtsena ta nuna tabon, ta ce, "Ga katinka nan, ka kai musu." Dole aka sake yi mini allurai. Bayan ƙaramar Sallah takardar DS-2019, ta shaidar an karɓe ni a shirin, ta iso, na cike fom ɗin neman biza na DS-160, na koma Abuja neman biza nau'in J-1. A layi na ga mutane da jakunkunan takardu, na fili da na banki da na aure, fuskoki duk a ɗaure. Tawa ganawar ba ta kai minti biyu ba, kuma ban biya kuɗin biza ba, tun da shirin na gwamnatinsu ne. A watan Yunin shekarar ne aka saki Naira ta faɗi, don haka wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. A jikin bizar an buga cewa sharaɗin 212(e) ya hau kaina, wato sai na dawo gida na yi shekara biyu kafin in iya neman zama ko bizar aiki a can. Wasu abokaina sun ga kamar an cuce ni. Baba kuwa da na karanta masa, nan ne karo na farko da ya yi murmushi a kan tafiyar.

Na tashi a Agusta, ta Jamus muka bi. A jaka akwai kuka da kuɓewa busassa da daddawa, duk na rubuta su a fom ɗin kwastan. Kilishi an riga an gargaɗe mu, ba a shiga da nama. Bayan 'yan kwanakin bita da sauran malaman harsuna, na wuce jami'ar da aka tura ni, a wani gari na tsakiyar ƙasar da gonakin masara da waken soya suka kewaye, shimfiɗe kamar faranti.

Ban yi mako a can ba ƙanena ya turo mini bidiyon jerin motoci masu baƙin gilashi suna wucewa ta cikin garinmu. Ranar 23 ga Agusta ce, John Kerry, sakataren harkokin wajen Amurka, ya je fadar Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar, ya yi jawabi a kan tsattsauran ra'ayi da cin hanci, sannan ya wuce Abuja wurin Shugaba Buhari. Shi yana garinmu, ni ina ƙasarsu. Farfesan da ke kula da ni ta buga labarin ta liƙa a ƙofar ofishinmu. A gida kuwa wasu shugabannin Kirista sun yi ƙorafin an ware su, a majalisu ana ta hasashen abin da ya kawo shi. Irin wannan ziyarar ba sabuwa ba ce. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya je wurin Kennedy a Yulin 1961 har ya yi jawabi a majalisar wakilansu, Jimmy Carter ya zo Legas a 1978, Bill Clinton ya shiga ƙauyen Ushafa a 2000. Ba na raina su, don irin takardun da suke sa wa hannu ne ke buɗe ƙofar da na bi. Amma da na tambayi ɗalibaina bayan kwana biyu, babu wanda ya san sakatarensu ya je Sakkwato, uku daga ciki ma ba su taɓa jin sunan garin ba.

Su biyar ne. A can ɗalibi yakan kira malami da sunansa tsirara, ni kuwa tun ranar farko na ce a wannan ajin Malam ake cewa. Na tambayi kowa ranar da aka haife shi na raɗa masa sunan rana, abin ya ba su dariya ƙwarai. Makonni biyun farko lafiya lau, gaisuwa da ƙirga da sunayen abinci. Fama dai da ɓ da ɗ da ƙ. Wani ya so ya ce ya yi baƙi a gida, ya ce yana da baki a gida. Na rubuta musu kasa da ƙasa, daidai da ɗaiɗai, muka yi ta tisawa har maƙogwaro ya bushe.

A mako na uku wata ɗaliba mai karatun aikin gona ta ɗaga hannu. "Malam, jiya ka ce sun zo. Yau ka ce su ne suka zo. Yaushe ake cewa sun, yaushe ake cewa suka?"

Na buɗe baki na rufe. Na san wanda yake daidai a kowace jimla, ko daga barci aka tashe ni ba zan haɗa su ba, amma dalilin ban san shi ba. Na ce, "Haka ake faɗa." Ta rubuta wani abu a littafinta ba ta ce komai ba, wannan shirun ya fi zagi ciwo. Digirina na Turanci ne, ina iya yi wa yaro bayanin kowane lokaci na aikatau ɗin Turanci a allo, ga shi harshen da na sha a nono ya kayar da ni a gaban mutum biyar. Da yamma na tafi laburare. A hawa na huɗu na iske kanta guda cike da littattafan Hausa, har da waɗanda rabona da ganinsu tun firamare. Na ɗauko littafin nahawun Hausa na Paul Newman na 2000, wanda ya haura shafi 700, na zauna har aka fara kashe fitilu. A nan na ga an zayyana abin da bakina ke yi kullum: bayan tambaya irin su wa da me da ina, bayan "da" ta dangantaka, da inda aka fifita wani abu a gaban jimla, sai "sun" ta koma "suka", "yana" ta koma "yake". Na ga yadda wani masanin Hausa, F. W. Parsons, ya kasa aikatau gida bakwai tun 1960, har na gane dangantakar saya da sayo da saye da sayar. Na ga karin sauti da tsawon wasali, waɗanda ba ma rubutawa, su ne ke raba gari na mutane da gari na tuwo. Daga ranar, duk darasin da zan koyar sai na koye shi tukuna da daddare.

A laburaren nan ne kuma na samo rabin amsar Baba. Bayan da Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, ta yi wata doka a 1958 da ta ware kuɗi don koyar da kimiyya da harsunan da ba su saba koyo ba. Daga wannan tushen cibiyoyin nazarin Afirka suka samu gindin zama a jami'o'insu, kuma har lokacin da nake can uku daga ɗalibaina da tallafin gwamnati suke koyon Hausa. Wato ba don Allah da Annabi suke yi ba, ƙasa ce ke son ta san duniyar da take hulɗa da ita. Ban ga laifinsu ba. Abin da ya dame ni shi ne mu wa muke turawa ya koyo su.

Akwai kuma rigimar bakina. Daidaitacciyar Hausa aka ce in koyar, ita ke cikin littafin aji, amma in na saki jiki sai Sakkwatanci ya kufce. In ce tahi, in ce zamna, in ce munka. Farfesa ta ja ni gefe cikin lalama ta ce yaran suna rikicewa. Na kiyaye. Sai dai ɗalibar nan mai aikin gona, da na ji bincikenta a kan adana albasa ne kuma yankin Galmi da Birnin Ƙonni za ta, na ce mata Hausar littafi za ta kai ki, amma ba ita za ki ji a bakin manoma ba. Muka ware rabin awa duk Alhamis a ofis, ba maki ba jarrabawa, ina koya mata munka da kunka da sunka, da ɗiya a maimakon 'ya, da mi a maimakon me. A duk aikin da na yi a can, wannan rabin awar na fi jira.

Babbar Sallah ta faɗo ranar Litinin, 12 ga Satumba. Muka yi idi a wani zauren haya da Somaliyawa da 'yan Fakistan da Sudan, na cire babbar riga a ban-ɗaki, ƙarfe goma sha ɗaya ina aji. Ragon layya a waya na gan shi.

Sharaɗin shirin ne ka koyar har awa 20 a mako, ka kuma ɗauki darasi biyu kowane zango, ɗaya a kan Amurka kanta. Na zaɓi tarihin gwagwarmayar baƙar fata. A nan na ji cewa Fulbright ɗin da sunansa ke kan takarduna ya sa hannu a takardar 'yan majalisar kudu ta 1956 da ke adawa da haɗa yaran baƙi da farare a makaranta, ya kuma ƙi dokar 'yancin jama'a ta 1964. Mutumin da ya buɗe wa baƙin duniya ƙofa bai yarda a buɗe wa maƙwabcinsa ba. Malamin da ya faɗa mana bai sassauta murya ba, kuma babu wanda ya zo ya kama shi.

Ban da aji, ana so ka fita cikin gari ka yi magana da jama'a, jakadan al'ada suke ce mana. Na je makarantun yara da wani coci. Wanda ba zan manta ba shi ne na laburaren gari, mako guda bayan zaɓen 8 ga Nuwamba da Donald Trump ya ci. Garin ya yi tsit a makon, ko a bas ba ka jin hira. Mutum kamar talatin suka zo, yawanci tsofaffi. Na shirya hotuna masu kyau: hawan Sallah, bikin kamun kifi na Argungu, marinar Ƙofar Mata, jar fatar Sakkwato. Na gama aka tafa. Sai wata dattijuwa ta ce ita abin da ta sani game da arewacin Najeriya shi ne 'yan matan Chibok, shin gaskiya ne ba ma barin mata su yi karatu?

Na ji zafi, na kuwa hau kare gida. Na ce tsakanin Sakkwato da Maiduguri ya haura kilomita 1,000 a mota. Na ce waɗanda Boko Haram ta kashe a babban masallacin Kano a Nuwambar 2014, sama da mutum 100, masallata ne. Na kawo Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da waƙoƙinta cikin harsuna uku da 'yan taru da take turawa ƙauyuka su karantar da mata. Duk gaskiya ne. Ina cikin jin daɗin kaina sai wani tsoho mai sanda daga baya ya ɗaga hannu, ya ce da Hausa, irin ta mutanen da, a hankali, "Malam, sannu da aiki. Amma yau fa? Yara mata nawa a ajinka?"

Ɗakin ya juya yana kallonsa. Ashe yana cikin matasan Peace Corps, 'yan sa-kai na Amurka, da suka koyar a Arewa a shekarun 1960. Na tsaya. Zan iya zillewa, babu mai kama ni. Sai na tuna ƙanwata da aka cire a aji uku na sakandare, na tuna yaran da ke tallar goro a ƙofar makarantarmu lokacin da 'yan'uwansu ke aji. Na faɗa musu. Na ce Nana Asma'u tamu ce, wannan ma namu ne, kuma a gidanmu an yi gardama a kan ƙanwata, ni na sha kaye. Daga nan taron ya sauya. Dattijuwar ta ce ita ma mahaifinta ya hana ta jami'a don kuɗin na ƙanenta ne. Wani ya yi maganar ɗansa da ƙwaya ta kashe, a garin da masana'anta ta rufe. Wata ta tambaye ni kai tsaye ko ina tsoron zama a cikinsu yanzu, na ce ranar Laraba da safe, washegarin zaɓen, na yi tunani sau biyu kafin in sa hula. Mai gadi ne ya zo ya tashe mu. A bakin ƙofa tsohon ya riƙe hannuna ya tambaye ni ko dalar gyaɗa tana nan a Kano. Na ce babu ko buhu. Ya girgiza kai ya ce, "Allah Sarki."

A Disamba aka tara mu a Washinton, malaman harsuna wajen 400 daga ƙasashe da dama. Teburinmu na cin abinci akwai Bajamushiya da Bafaranshe da wani ɗan Sifen, hirarsu duk a kan dangantakar tsallaken Atlantika ce. Birtaniya ta zaɓi ficewa daga Tarayyar Turai a watan Yuni, sabon shugaban Amurka ya ce NATO ta tsufa, su kuwa a kan ƙawancen nan na 1949 da tallafin Marshall, wanda Amurka ta ba Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, aka gina zaman lafiyar iyayensu. Damuwarsu ta gaske ce, na kuma ƙaru da jin ta. Amma na lura in suka ce tsallaken Atlantika, Turai da Amurka kawai suke nufi, kamar tekun ya ƙare a gaɓar Fotugal. Na ce wa Bajamushiyar ni ma shi na tsallako. Ta yi dariya, sannan ta yi shiru.

Washegari na samu tikitin shiga sabon gidan tarihin baƙaƙen Amurka, wanda aka buɗe a Satumbar shekarar. Daga ƙarƙashin ƙasa ake farawa, cikin duhu-duhu. Akwai sandunan ƙarfe da aka tsamo daga wani jirgin bayi na Fotugal da ya nutse kusa da Cape Town a 1794, waɗanda ake dasawa a gindin jirgi don daidaita nauyinsa da na mutanen da aka loda. Sama da mutum miliyan 12 aka ɗora wa jirage daga gaɓar Afirka. A cikinsu akwai Hausawa, har suka yi ta tayar da bore a Bahiya ta Birazil tun daga 1807. Na tsaya ina tunanin cewa da yawansu yaƙe-yaƙen ƙasarmu ne suka kai su bakin teku, hannun namu ne ya fara miƙa su. Wata mata baƙa da jikanta suna gefena, ta ga hulata ta tambaye ni daga ina. Na ce Najeriya. Ta ce wa yaron, "Gaishe da kawunka." Ban san abin da zan ce mata ba, na durƙusa na ba shi hannu.

Zango na biyu sanyi ne da aiki. Ranar 27 ga Janairu aka sa hannu a dokar hana 'yan ƙasashe bakwai shiga, Najeriya ba ta ciki, amma maƙwabcina ɗan Sudan da mahaifiyarsa ke shirin zuwa ganin jikanta ya kwana uku bai ci abincin kirki ba. Ɗalibaina biyu suka tafi zanga-zanga a filin jirgi, suka dawo suna tambayata yadda ake cewa "barka da zuwa" ga mutane da yawa. Zuwa Afrilu suna iya ba da labarin Gizo da Ƙoƙi da bakinsu, suna sa "suka" inda ya dace. Na yi musu tuwon garin masara da miyar kuka a ɗakina, ɗaya ya ce kamar ciyawa, ya kuma ƙara.

A watan Mayu na rubuta rahoton ƙarshe, na miƙa makullin ofis, na dawo ana saura kwanaki a kama azumi. 'Yata ta ɓuya a bayan uwarta, sai da ta yi mako kafin ta yarda in ɗauke ta. Na koma ajina na yara 70 da littafi tara. Abin da ya sauya shi ne yanzu in yaro ya tambaye ni dalili ba na cewa haka ake faɗa.

Bayan shekara guda da wani abu, wata Juma'a da yamma, lambar Nijar ta kira ni. Ɗalibar albasa ce, daga Ƙonni, ƙasa da kilomita 100 daga inda nake zaune. Ta ce ta kwana biyu a rumbunan manoma, sun ce Hausarta ta Sakkwatawa ce, wa ya koya mata? Muna zaure, Baba na jin mu. Na miƙa masa wayar. Ta ce, "Baba, ina wuni? Mun iske ku lahiya?" Ya gyara zama. Suka gaisa har ƙasa, gida da iyali da damina, ya tambaye ta nawa buhu yake a can, ta faɗa masa, ya ce an tsuga mata, kada ta yarda. Ya fi minti goma yana yi mata bayanin yadda ake shanya albasa kafin a zuba a rumbu.

Da ya miƙo mini wayar ya ce, "Wagga ɗiyar wa ta?"

Na ce ɗalibata ce, Ba'amurkiya.

Ya ce, "In ta gama ta biyo ta Illela ta ci tuwo. Ka ce ma uwarka ta aje mata kuka."